Yadda ake haɗa wa motar ado wili da taya daga bututun wayarin

Da muna yara, tsohon silifas muke yankawa mu yi wa motar gwangwani taya. Ƙaramar motar ado mai ma'aunin 1:24, wato wadda aka rage girman motar gaske sau 24, kuwa tana son lissafi, don taya ce ke fara tona asirin aiki.

Fara da awo. Wili mai inci 17 milimita 432 ne, ka raba da 24, ka samu 18. Sai dai leɓen wilin gaske ya ɗara haka kaɗan, shi ya sa bututun roba na wayarin gida mai milimita 20 ke zama daidai. Akwai shi a kasuwannin Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano, ko ka roƙi guntu wajen mai gyaran wuta na unguwa.

Yanka zobba huɗu, kowanne faɗin milimita 8, ka goge bakinsu a kan samfefa.

Fuskar wilin ita ce mai cin rai. Samo tsohon katin ATM, ka zana da'irar da za ta shige cikin bututun. Huda tsakiyar tun kafin ka yanke. Ni na taɓa yin akasin haka, ramin ya kauce da ɗan ƙiris, motar ta riƙa ɗingishi a kan tebur kamar akuyar da ta taka ƙaya. In ƙafa biyar kake so, wato sandunan da ke tashi daga tsakiyar wili zuwa bakinsa, raba da'irar digiri 72-72, ka ɓula tsakanin ƙafafun da allura mai zafi, sannan ka bi da reza a hankali. Guda shida za ka yanka, don da wuya biyu ba su lalace ba.

Tura fuskar ciki kamar milimita 2, ka ɗiga Super Glue ta baya. Kaɗan! In ya yi yawa yana barin farin dusa-dusa.

Taya kuma, a koma ga silifas, baƙi dai. Yanka da'irar milimita 27, ɗaura ta a kan kusa mai zare, sa a bakin injin huda, ka riƙa goga samfefa yana juyawa har ta dawo 26. Sai ka fafe cikinta ya ɗan gaza wilin, yadda za ta kama shi gam.

Fesa fenti kafin ka sa taya, shafi biyu marasa kauri. In lokacin hunturu ne, kife kwano a kai har ya bushe, in ba haka ba ƙurar Kano za ta zauna a jiki. Wayar wilin keke ta isa sandar da za ta riƙe tayoyin biyu-biyu.