Yadda ake gane kamfanin da ya ƙera tsohon kan jirgin ƙasa na wasa

Jama'a, in tsohon kan jirgi na wasan yara ya faɗo hannunku, irin mai tururi ɗin nan na ƙarfen zubi, kada ku tsaya kallon fenti. Ku kifa shi tukuna, galibi a ƙasansa sunan yake.

In rubutun ya cushe da datti, a jiƙa tsohon buroshin haƙori a goge a hankali, sannan a haska tocilan ta gefe, haruffan za su fito. Don Allah ban da takardar yashi.

In kun ga Lesney, Matchbox ne na Landan, kuma ya girmi 1982, shekarar da kamfanin ya karye. Meccano kuwa shi ne kamfanin da ya riƙa yin Dinky, wanda aka fara kiransa haka a 1934, na Ingila a Liverpool aka riƙa yin sa. Ƙananan nan da ake turawa da hannu a kan dogonsu na ƙarfe, Lone Star ne, tun 1957. Tootsietoy na Shikago ne a Amurka.

In babu suna, ɗauko maganaɗisu. Ya manne a gangar jikin? Baƙin ƙarfe ne, a fara duba irin su kamfanin Hubley na Amurka. Bai manne ba, yawanci haɗin tutiya ne. A gangar jiki fa za a gwada, domin sandar ƙafafun ƙarfe ce, za ta yaudare ku.

Ni dai ban cika yarda da kwali ba, 'yan gwanjo kan sa wani jirgin a kwalin wani.