Kwana a ɗakin katako a bakin tafkin Alaska ko Kanada: shirin da ake farawa tun daga Kano

A Kano idan gishiri ya ƙare ana tsaka da girki, yaro ake aikawa shagon bakin layi. Idan zazzaɓi ya taso cikin dare, ga kemis, ga ɗan adaidaita sahu. Duk wanda ya yi niyyar zuwa ya kwana biyar a ɗakin katako a bakin wani tafki na Alaska ko arewacin Kanada, wannan sabon ne zai fara cirewa daga ransa. Titin mota bai kai can ba. Ƙaramin jirgin sama ne, mai ƙafafu biyu kamar kwale-kwale a madadin taya, zai sauka da kai a kan ruwa, ya sauke maka kaya, ya tashi. Daga nan abin da ka zo da shi shi kaɗai gare ka, sai ranar da ya dawo.

Ɗakunan iri biyu ne. Akwai na gwamnatin Amurka, kamar waɗanda ke cikin dajin Tongass a kudu maso gabashin Alaska, sun haura ɗari, kuma ana kama su ta shafin Recreation.gov tun saura wata shida. Kuɗinsu ba shi da yawa, amma fa fanko ne: gadajen katako ba katifa, tebur, murhun ɗumama ɗaki, masai na rami a waje, wasu da ƙaramin kwale-kwale. Ba wuta, ba famfo, ba tukunya ko ɗaya. Sai kuma na 'yan kasuwa, waɗanda suka yi yawa a arewa maso yammacin lardin Ontariyo na Kanada, ana tashi zuwa gare su daga garuruwa irin su Red Lake da Sioux Lookout. Su sukan haɗa maka jirgi da ɗaki da risho mai gas da kwale-kwale mai inji a farashi ɗaya. Wanda bai taɓa yi ba, na biyun ya fi masa. Lokacin zuwa kuwa daga Yuni ne zuwa farkon Satumba, don jirgi mai ƙafafun ruwa ba ya sauka a tafkin da ya daskare.

Kada ka biya ko kwabo sai biza ta fito. Dokokinta suna yawan canzawa ga mai fasfon Najeriya, kamfanonin nan kuma ba kasafai suke mayar da kuɗin kafin alƙalami ba.

Jirgin da nauyinsa

Jirgin da aka fi yin wannan aiki da shi sunansa Beaver, ƙirar kamfanin de Havilland na Kanada. A 1947 ya fara tashi, an daina ƙera shi a 1967, amma har yau shi ne jakin daji. Akwai ƙanana irin Cessna 185 da 206, akwai babba, Otter. Kuɗin haya da awa ake lissafa shi, kuma tafiya huɗu za ka biya: kai ka, komawarsa fanko, zuwansa fanko, ɗauko ka. Shi ya sa tafki mai nisan minti 25 ya fi mai nisan awa ɗaya sauƙi nesa ba kusa ba, shi ya sa kuma ake haɗa kai mutum uku ko huɗu a raba kuɗin.

Beaver mai ƙafafun ruwa yakan ɗauki abin da ya kai kilo 500 zuwa 550, mutane da kaya gaba ɗaya, gwargwadon man da ya sha da nisan tafiya. Yi lissafi da kanka. Maza huɗu masu kilo 80 sun cinye 320. Abin da ya rage bai wuce 200 da 'yan kai ba, wato kusan kilo 50 kowane mutum, a ciki har abinci da man murhu. Kamfanoni da dama a Ontariyo kilo 45 suke yanke wa mutum. Za a ɗora ka a sikeli kai da kayanka, kuma nan ba wurin “a yi haƙuri a daure” ba ne. Jirgin da aka yi wa lodi ya wuce kima yakan ƙi rabuwa da ruwa da wuri, ga shi a ƙarshen tafkin itatuwa ne ko dutse. Idan matuƙi ya ce a rage, a rage, ko a biya sawu na biyu.

Manyan akwatunan nan masu taya da ka taso da su daga filin jirgin Malam Aminu Kano, bar su a otal ko a ofishin kamfanin. Ƙofar jirgin ƙarama ce. Zuba kaya a jakunkuna masu laushi, kowace kada ta wuce kilo 15 zuwa 20, a sa leda mai kauri a ciki kafin a zuba, domin a kan gadar katako ko a bakin gaɓa ake sauke su, sau da yawa cikin yayyafi.

Kafin a tashi matuƙi zai yi bayani, ka kasa kunne ko da ka hau jirgi sau ɗari. Taɓa hannun ƙofar da ke kusa da kai har ka iya gano shi ido rufe. Idan tsautsayi ya sa jirgin ya kife a ruwa, tsarin shi ne: riƙe wani abu tabbatacce da hannu ɗaya, buɗe ƙofa, sannan ka kwance bel, ka ja jikinka waje. Rigar ceto ba a hura ta sai an fita, in ba haka ba za ta manne ka da rufin jirgin. A bakin gada kuma kada ka taɓa bi ta gaban jirgin, can farfela take.

Abin da za a tafi da shi daga Kano, da abin da za a bari

Kilishi da dambun nama su ne guzurin da hankalin Bakano zai fara kai wa, ga rashin nauyi ga daɗewa. Bar su a gida. Amurka da Kanada duka ba sa barin a shigo musu da nama daga Najeriya, busasshe ko soyayye. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, dabino, garin kuka, waɗannan ka ɗaure su da kyau, kuma ka bayyana su duka ga ma'aikatan kwastan. Abin da ka bayyana iyakacinsa a karɓe. Abin da ka ɓoye aka gani, tara ce.

Sauran abinci a garin da za a tashi ake saye. Giram 150 na shinkafa ya ishi mutum ɗaya a ci ɗaya, don haka mutum huɗu a dare bakwai kilo huɗu ne da ɗoriya. A haɗa da taliya, wake, madarar gari, ganyen shayi, sukari, mai, albasa, kifin gwangwani. A karanta jikin kowane kwali, saboda naman alade da kitsensa suna shiga abubuwan da ba a zata ba, har da waken gwangwani. Kifin tafkin halal ne kuma akwai shi, amma sai da lasisin kamu, wanda ake saye kafin a tashi, kuma kowane ruwa da adadin da aka yarda a ɗauka. Kada a gina tsarin abinci a kan kifin da ba a kama ba.

Me ya kawo dare bakwai alhali biyar aka kama? Hazo. Mutumin Kano ya san yadda hazon hunturu ke zaunar da jirage a ƙasa. Matuƙin daji da idonsa yake tuƙi, idan gajimare ya sauko kan duwatsu ba zai zo ba, yau ko gobe. Garin Ketchikan na kudu maso gabashin Alaska yana samun ruwan sama kusan ninki huɗu na Kano a shekara. Saboda haka a ƙara abincin kwana biyu ko uku, da magani, da man murhu. Tikitin komawa gida ma a bar tazarar kwana biyu aƙalla tsakaninsa da ranar ɗauko ku.

Sutura: sanyin can jiƙaƙƙe ne, ba irin busasshen sanyin Disamba da muka sani ba. Shadda da yadin auduga da wandon jins idan suka jiƙe ba sa bushewa, zuƙe ɗumin jiki suke yi. A nemi rigunan ulu da na roba masu laushi, kuma 'yan gwanjon Kofar Wambai sukan samu masu kyau a farashin da bai kai rabin na can ba. Safa ta ulu ƙafa huɗu, hular sanyi, rigar ruwa da wandonta, takalmin roba mai tsawo. Buhun barci mai ɗumi da shimfiɗar soso a saya ko a yi haya a can. Buta kuwa daga gida za ka taho da ita, ba za ka same ta a kantunansu ba.

Sauronsu ba ya ɗauke da zazzaɓin cizon sauro, sai dai yawansa a Yuni da Yuli ya wuce misali, ga wasu ƙananan ƙudaje masu cizo. Man shafawa mai sinadarin DEET da ragar rufe fuska sun wadatar. Hatsarin zazzaɓin a jikinka yake: sauron Kano zai iya cizonka ana gobe tafiya, ciwon ya tashi bayan mako ɗaya ko biyu kana tsakiyar daji. Ga likita kafin ka taso, ka tafi da cikakken maganin da ya rubuta.

Bayan jirgi ya tashi

Awa ta farko ta aiki ce. A shigar da abinci ɗaki, a duba murhu tun da sauran haske. Idan na mai ne, dizal mai lamba 1 yake sha, ɗan'uwan kananzir, kuma a ɗakunan gwamnati kai za ka zo da abinka. Dizal na mota, mai lamba 2, toshe shi yake yi. Idan na itace ne, duba bututun hayaƙi bai toshe ba, ka fara da ƙirare busassu. Duk wanda ya san labarin iyalan da hayaƙin janareto ya kashe cikin barci ya san abin da ake gudu a nan. Iskar gubar da wuta ke fitarwa ba ta da wari. A bar taga a ɗan buɗe, kada a kunna gawayi ko rishon girki don ɗumama ɗaki, a tafi da 'yar na'urar da ke ƙara idan iskar ta taru. Ciwon kai da jiri ga mutum biyu lokaci guda, kowa ya fita waje nan take.

Ruwan tafki garau yake kamar na gora, amma yana ɗauke da ƙwayar jiyardiya mai sa gudawa ta makonni. A tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a tace da matatar 'yan daji. Kada a ɓata nauyin jirgi da katan-katan na ruwa, kowace lita kilo ɗaya ce.

Tafkin kansa shi ya fi kowace dabba cin rai. Ruwan yana da sanyin da idan mutum ya faɗa, minti na farko numfashi ne ke ƙwace masa, cikin kusan minti goma hannu da ƙafa su daina jin magana, komai gwanintarsa a iyo. Iyon da aka koya a Tiga ko Challawa ba zai fisshe shi ba. Rigar ceto a jiki take zama, a ɗaure, duk lokacin da aka shiga kwale-kwale. Ba a miƙewa tsaye a ciki. Iska takan taso da rana, don haka a fita da safe, a bi gaɓa.

Sai dabbar beyar. Akwai baƙa, akwai ja mai tozo wadda ta fi girma. Hancinta ya fi na kare, kuma abinci ne ke jawo ta. Kada a bar komai mai ƙamshi a waje, har sabulu da turare. A gyara kifi nesa da ɗaki, a zubar da kayan cikin a ruwa mai zurfi. Idan za a shiga daji a tafi tare, ana magana da ƙarfi don kada a yi kiciɓis. Idan an haɗu, ba a gudu, ta fi kowane mutum sauri. A tsaya wuri ɗaya, a yi magana a natse, a ja da baya sannu a hankali. Ana sayar da feshin barkono na musamman dominta, yana kaiwa mita bakwai zuwa tara, kuma a ƙugu yake zama ba a ƙasan jaka ba. Manyan jirage ba sa ɗaukarsa, a can za ka saya, kuma dole ka miƙa wa matuƙi ya sa shi a ma'ajiyar ƙafar jirgin. Ya fashe a cikin jirgi, matuƙi ya makance kuna sama.

Waya ba ta da sabis a can. A yi hayar na'urar saƙo ta tauraron ɗan'adam, irin Garmin inReach, a gwada ta tun a gari, a ajiye lambar kamfanin jirgin a ciki. Maɓallin neman agaji na rai-kwakwai-mutu-kwakwai ne, ba na ƙarewar sukari ba. A gaya wa na gida tun farko cewa shirun kwana biyu ba abin tashin hankali ba ne.

Salla

Alƙibla a Alaska ba gabas take ba. Daga birnin Ankorej na Alaska kusan arewa ce sak, ta ɗan karkata yamma. Daga Ketchikan arewa ce ta ɗan karkata gabas. A arewa maso yammacin Ontariyo kuma arewa maso gabas. A duba digirin tafkin da za a je tun ana da intanet, a rubuta a takarda. A kula, allurar kamfas a kudu maso gabashin Alaska tana kauce wa arewa ta gaskiya zuwa gabas da fiye da digiri 15, sai an cire wannan.

Lokutan ma a buga su a takarda. A ƙarshen Yuni rana takan yi fiye da awa 19 a sama a Ankorej, kuma hasken bayan faɗuwarta ba ya gama ɓacewa kafin na alfijir ya shigo, sai lokacin Isha'i da na Asuba su rikice. Malamai suna da maganganu a kan yadda ake ƙiyastawa, don haka ka zauna da malaminka kafin ka bar Kano, ka tambaye shi wannan da batun ƙasaru, tunda a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cika salla yake yi. Ruwan alwala a ɗumama shi a kan murhu a zuba a fulas tun da dare.

Ranar barin ɗakin a gama ɗaure kaya awa biyu kafin lokacin da aka yi da matuƙi, don yakan zo da wuri idan ya hango hadari. A kashe murhu, a share ɗaki, a tara wa na baya busasshen itace, a kife kwale-kwale a ɗaure shi sama da inda ruwa ke kaiwa. Shara duka, har gwangwani da leda, cikin jirgi take komawa. Buhun barci da tukunya ɗaya da ashana su ne na ƙarshe da za a ɗaure, sai an ji ƙarar injin da kunne.