Kurakuran ban ruwan inabi da masu gona daga Legas ke yi

'Yan'uwanmu da ke kasuwanci a Mile 12 da Agege sun fara zuba jari a gonakin inabi a gida, musamman wajen Kudan da Hunkuyi a Jihar Kaduna. Gona tana arewa, mai ita yana Legas, umarni kuma sai ta waya. Yawancin asarar daga wajen ban ruwa take ɓullowa.

Babban kuskure shi ne auna ƙishin gona da yanayin Legas. A nan iska cike take da laima, wanki ma sai ya wuni bai bushe ba. A can kuwa, daga hunturu zuwa bazara, busasshiyar iska tana zuƙe ruwa daga fuskar ƙasa, tana kuma zuƙe shi ta ƙananan kafofin ganye. A ranar zafi ta Maris ko Afrilu, ruwan da ke tashi sama a gonar da ganye ya rufe kan kai milimita 5 zuwa 7, kuma milimita ɗaya a hekta guda lita 10,000 ce. Saboda haka, Alhaji, in yaron gona ya ce kuɗin man inji bai isa ba, kada ka yi saurin zarginsa.

Wasu kuma sukan ce a riƙa yayyafawa kullum. Wannan yana sa saiwa ta tsaya a sama inda rana ke gasa ta, alhali inabi mai zurfin saiwa ne. A ba shi ruwa ya ratsa sosai, da asuba ko da yamma, sannan a dakata. Kafin a sake kunna inji, a sa fartanya a tona kamar kamu ɗaya, a damƙi ƙasar. In ta dunƙule, da sauran danshi; in ta warwatse, lokaci ya yi. Ka ce a turo maka bidiyon wannan ta WhatsApp, ya fi "komai lafiya, Alhaji" amfani nesa ba kusa ba.

Barin gindin shuka tsirara ma ɓarna ce. A shimfiɗa buntun shinkafa ko karan masara, amma kada ya manne da jikin itacen, saboda gara da ruɓa. Mai tiyon ɗiga kuwa, wato tiyo mai ƙananan kafofi da ke ɗiga ruwa a gindin shuka, ya riƙa duba kafofin, don laka tana toshe su.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na lokaci. Sa'ad da inabi ke fure da ɗaura 'ya'ya, ƙishi yana sa su zube, nan ba a rowar ruwa. Amma da zarar 'ya'yan sun fara laushi suna sauya launi, sai a rage. Mai gona yana ɗokin su yi ɓul-ɓul, sai ya ce a ƙara, zaƙi ya tsinke, fata ta tsage. Irin wannan inabin kafin mota ta iso Mile 12 ya fara tsami a kwali, dillali kuma ba zai taya shi da daraja ba.