Shawara ga masu son zuwa kallon ƙwallo a Ingila

Salam 'yan uwa, musamman ɗalibanmu da ke Landan masu shirin zuwa Old Trafford, filin wasan Manchester United. Don Allah kar ka yi saurin yankan tikitin jirgin ƙasa daga tashar Euston ta Landan zuwa tashar Manchester Piccadilly har sai an tabbatar da ranar wasa, saboda masu talabijin suna ɗage wasan Firimiya daga Asabar zuwa Lahadi ko ma Litinin da dare, kuma tikiti mai arha ba a maida kuɗinsa in kai ne ka fasa. Tafiyar awa biyu da 'yan mintuna ce.

Sannan maganar mashaya. Ranar wasa nan magoya baya ke taruwa tun da hantsi suna ta kwankwaɗar giya da waƙe-waƙe, wasu mashayun ma na 'yan gida ne zalla, to in kana sanye da jesin baƙi ka rufe ta da jaket ka wuce abinka, bayan an tashi wasa aka fi samun rigima. Tikitin 'yan bumburutu a bakin fili kuwa laifi ne sayar da shi tun 1994, kuma jabu ya yi yawa wallahi, ka saya ta shafin kulob.

In yunwa ta kama ka, hau bas zuwa titin Wilmslow Road a unguwar Rusholme da ke Manchester, abincin halal birjik.