Yadda za ka gano asalin kakanninka na Jihar Kebbi a tsofaffin jaridu

1. Fara da dattawan gida: cikakken sunan mamaci, laƙabinsa da shekarar rasuwa. In shekarar ta ɓace musu, tambayi wane sarki ke mulkin Gwandu ko Argungu lokacin.

2. Je gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ka nemi Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939. Bi sanarwar rasuwa da ta'aziyya.

3. Nema ƙarƙashin Sakkwato, domin sai 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. A nan ne mutane da yawa ke ɓata lokaci.

4. Suna ɗaya na iya zuwa ta siga daban-daban: gwada Muhammadu, gwada Mamman. Lura da sunan gari a ƙarshen suna. Dosso, alal misali, na iya nuna daga Nijar zuriyar ta taso.

5. Ɗauki hoton shafin har da kwanan wata.