Yadda Ake Wasan Tidiliwinks: Kayansa, Dokokinsa da Dabarar Cin Nasara

Idan aka ajiye maɓallin riga a kan bargo, aka danna shi da wani maɓalli mai faɗi har mai faɗin ya zame daga gefensa, ƙaramin zai yi tsalle ya faɗa gaba. A kan wannan ɗan motsi aka gina wasan da Turawan Ingila suke kira tidiliwinks, inda ake tsallakar da ƙananan faya-fayen roba zuwa cikin kofi. Na fara koyar da shi ga yaran gidanmu a Gusau, amma waɗanda suka fi kama shi da hannu biyu su ne dattawan majalisar dara ta ƙofar gida, domin sun gane da wuri cewa lissafi ne a cikinsa, ba tsalle kaɗai ba.

Sanin asalinsa yana taimaka wa mai koyo, saboda wasanni biyu ne suke amsa suna ɗaya. Na farkon ya fito a Landan, inda wani ma'aikacin banki mai suna Joseph Assheton Fincher ya nemi rajistar mallakarsa a 1888, ya kuma yi wa sunan rajista a 1889, sannan kamfanin John Jaques and Son ya riƙa sayar da shi. A shekarun 1890 ya zama abin yayi a falon gidaje, manya da yara suna tsere a ga wanda zai riga zuba 'ya'yansa a kofi. Da yayin ya wuce sai aka bar wa yara shi.

Na biyun ya samo asali ne a Jami'ar Kambirij a watan Janairun 1955, lokacin da ɗalibai, cikinsu har da Bill Steen da Rick Martin, suka kafa ƙungiyar wasan, suka tsara masa dokoki na gasa. A 1957 sun ƙalubalanci Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth ta biyu, shi kuwa ya wakilta 'yan wasan barkwanci na rediyon BBC da ake kira Goons su buga a madadinsa, aka kara a ranar 1 ga Maris na 1958, ɗaliban suka yi nasara. A shekarar aka kafa ƙungiyar wasan ta ƙasar Ingila. Tawagar Jami'ar Oksfod ta zagaya Amurka a 1962, aka kafa ƙungiyar Arewacin Amurka a 1966, kuma tun 1973 ake gasar duniya ta mutum da mutum. Abin da ya raba wasan gasa da na falo shi ne muhimmancin da aka bai wa doka ɗaya: ɗan da wani ɗa ya hau kansa ba ya motsi. Wannan na biyun ne zan bayyana.

Kayan wasan ba su da yawa. Ana buƙatar shimfiɗa mai laushi, tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 3, da kofi mai tsayin milimita 38 wanda faɗin bakinsa ya kai milimita 48. 'Ya'yan kala huɗu ne, shuɗi da kore da ja da rawaya, kowace kala guda shida: manya biyu masu faɗin milimita 22, ƙanana huɗu masu milimita 16. Sai faifan dannawa, wanda dokar gasa ta yarda faɗinsa ya kasance tsakanin milimita 25 da 51.

Ba lallai ba ne a jira kayan waje. A wurin masu sayar da kayan ɗinki a kasuwar Gusau ana samun maɓallai shafaffu masu girma biyu, sai dai a guji masu tudu a tsakiya ko masu kauri a baki, domin ba sa tashi daidai. Faifan dannawa kuwa ana iya yanka shi daga murfin bokitin fenti, a goge bakinsa da samfefa har ya yi sumul ya ɗan yi siriri, saboda kaifi ko gartsi yana karce 'ya'ya. Inda aka fi yin kuskure shi ne shimfiɗa. A kan siminti ko tabarma ɗa ba ya tashi, tun da tsallen yana zuwa ne daga lotsawar shimfiɗar da dawowarta. A kan katifa kuma nutsewa yake yi. Bargo mai ɗan tauri, marar gashi, wanda aka shimfiɗa a kan tebur aka miƙar da shi babu tattara, shi ya fi kusa da abin da ake so. Lokacin hunturu a kakkaɓe shi kafin a fara. A kuma nisantar da 'ya'yan daga yara masu rarrafe, domin suna iya haɗiye su.

Ana buga shi mutum biyu, kowa da kala biyu, ko mutum huɗu, biyu-biyu. Shuɗi da ja abokan juna ne, kore da rawaya su ma haka. A sa kofi a tsakiya, a jera kalolin a kusurwoyi huɗu bisa zagayen hannun agogo, shuɗi, kore, ja, rawaya, ta yadda abokai za su fuskanci juna ta kusurwa. A kowace kusurwa a ja layi mai nisan ƙafa 3 daga tsakiya, 'ya'ya su zauna bayansa. Don a san mai farawa, kowace kala takan harba ɗa guda wajen kofi, wanda ya fi kusa shi zai fara, a mayar da 'ya'yan, sannan bugu ya riƙa zagayawa bisa wancan jeri.

A riƙe faifan tsakanin babban yatsa da manuni, ba tare da ƙanƙamewa ba. A ɗora bakinsa a tsakiyar ɗa, a danna, a ja shi baya har ya zame daga gefe. Ɗan zai tafi kishiyar inda faifan ya nufa. Idan aka miƙar da faifan tsaye-tsaye aka danna da ƙarfi, ɗan zai tashi sama ya sauko kusa, wanda shi ake so idan kofi yana nan dab. Idan aka kwantar da shi aka danna a hankali, ɗan zai yi ƙasa-ƙasa, wannan kuma shi ne bugun hawa kan ɗan abokin karawa. Wanda ya jefa ɗansa a kofi yana da ƙarin bugu ɗaya. Wanda ya fitar da ɗan kalarsa daga shimfiɗa ya rasa bugunsa na gaba, a mayar da ɗan kusa da inda ya fita.

Rufewa ita ce zuciyar wasan. Ko da gefen ɗa ne kawai ya shiga ƙarƙashin wani, an rufe shi, mai shi ba zai taɓa shi ba sai an buɗe. Sabon ɗan wasa yakan ɗauka cewa aikinsa shi ne ya yi ta jefawa a kofi, sai ya jefa uku ko huɗu yana murna, ragowar biyun kuma abokin karawa ya hau kansu, ya zauna yana kallo alhali abokin tafiyarsa yana fama shi kaɗai da kala biyu. Duk ɗan da ya shiga kofi ya fita daga fagen fama, ba zai ƙara rufe kowa ko ya ceci kowa ba. Masu dara sun san irin wannan: wanda ya yi gaggawar ci tun bai gyara gidansa ba, shi ake cinyewa.

Saboda haka bugun farko-farko na shigo da 'ya'ya ne, a sauke su kusa da kofi, kuma kusa da na abokin tafiya, yadda idan aka hau ɗaya akwai na kusa da zai rama. Kada a sauke ɗa shi kaɗai a tsakiyar 'ya'yan abokan karawa. Idan an rufe ɗan abokin karawa, a ajiye wani ɗa a gefen tarin ya zama mai gadi, domin wanda ya hau saman tari shi yake mallakar duk abin da ke ƙarƙashinsa. Wajen buga tari, doka ta ce faifai ya fara taɓa ɗanka da yake sama, bayan haka yana iya taɓa waɗanda suke ƙarƙashinsa kai tsaye, kuma bugun ya zama motsi ɗaya mai sauri, ba turawa a hankali ba. Da wannan ake yin wata dabara mai amfani ƙwarai: a harba ɗan abokin karawa da ke ƙasa can nesa da kofi, naka ya tsaya inda ake fafatawa. Idan kuwa aka rufe dukkan 'ya'yan ɓangare ɗaya, masu rufewar suna samun 'yan bugu a jere, daga nan wajibi ne su buɗe aƙalla ɗa guda, don wasa ya ci gaba.

Lokacin wasa minti 20 ne ga mutum biyu, minti 25 ga mutum huɗu. Idan ya cika, sai a ƙarasa zagayen har zuwa kalar da ta fara, a ƙara zagaye biyar, a tsaya a yi lissafi. Ɗan da ke kofi yana da 3, wanda yake fili ba a rufe ba yana da 1, wanda aka rufe ko wanda bai taɓa barin bayan layi ba ba shi da komai. Kalar da ta fi yawa ta sami maki 4, ta biyu 2, ta uku 1, ta ƙarshe babu, waɗanda suka yi kunnen doki kuma su raba. A ce shuɗi yana da biyu a kofi da biyu a fili, ya tara 8. Kore ɗaya a kofi da uku a fili, 6. Ja huɗu a fili, 4. Rawaya uku a fili, 3. Shuɗi da ja sun tashi da 5, kore da rawaya da 2. Jimillar kullum 7 ce.

Akwai hanya ta biyu ta ƙare wasa, wato kala ɗaya ta zuba duk shidanta a kofi. Da zarar haka ta faru an daina duba agogo, a raba dukkan tarin da ke fili, sauran kaloli su yi tseren neman matsayi na biyu da na uku, sannan a cire maki ɗaya daga ɓangaren da aka ci a ƙara wa masu nasara, sakamako ya zama 7 da 0, ko 6 da 1, ko 5 da 2. A ganina bai kamata mai koyo ya nemi wannan ba sai duk shidansa suna buɗe, suna kusa da kofi, kuma ya tabbata hannunsa ya zauna, domin kuskure ɗaya ya isa a hau na shidan.

Wajen atisaye, a raba lokaci gida biyu. A jera 'ya'ya shida kewaye da kofi a nisan yatsu huɗu, a yi ta jefawa har shidan su shiga a jere, sannan a ƙara nisa. Bayan haka a ajiye 'ya'ya biyu da tazarar yatsa ɗaya, a yi ta ɗora ɗaya a kan ɗaya, ƙarami a kan babba, babba a kan ƙarami, daga kowace fuska. Yara sukan gaji da wannan kashi na biyu da wuri, don haka nakan sa su yi shi da farko, kafin a fito da kofi.