Yadda ake riƙe bulala a Majalisar Lords ta Birtaniya

Mu da muke leƙa zaman majalisa a Lugard Hall nan Kaduna mun san inda ƙarfin bulaliyar jam'iyya, wato mai tattaro 'yan majalisarta su bi layinta wajen ƙuri'a, yake: ɗan majalisa na tsoron a hana shi tikiti. A Majalisar Lords, wato majalisar dattawan Birtaniya, wannan barazanar ba ta cin kowa. Ba zaɓen mambobinta ake yi ba. Tun dokar 1958 ake naɗa mutum har ƙarshen ransa, dokar 1999 kuma ta rage masu gadon kujera zuwa 92. Ko albashi yawancinsu ba su da shi, sai alawus na ranar da suka zo. To, in bulalar ta faɗo hannunka, ya za ka yi?

Fara da takardar mako. Ka aika wa 'yan jam'iyyarku jerin abin da za a tattauna, kowanne ka ja masa layi a ƙasa. Layi ɗaya, a zo in an samu sarari. Biyu, ana buƙatar mutum. Uku, ba uzuri. Ni dai shawarata, kada ka yawaita ukun nan, don dattijo in kullum dole yake ji, sai ya daina kula ka.

Takarda kaɗai ba ta fito da babba daga gida. Kamar gayyatar ɗaurin aure ce, kati daban, takawa ka gaishe shi daban. Ka san mai jinya, ka san wanda jirgin ƙasansa zai tashi da dare, ka san tsohon ministan da sashe ɗaya na ƙudurin ya tsaya wa a rai. Shi wannan ka haɗa shi da ministan yanzu su zauna tun kafin ƙuri'a. Ka buga waya, ka lallaba, ka sake bugawa.

Wajen ƙidaya kuwa, kada ka saka 'yan ba-ruwanmu, wato mambobin da ba sa cikin kowace jam'iyya, a lissafinka, ba su da bulaliya, hujja suke bi. Haka limaman cocin Ingila masu kujeru 26. Babu jam'iyyar da ke da rinjaye ita kaɗai, shi ya sa gwamnati kan sha kaye a nan. Lokacin zama da na ƙuri'a, ku daidaita da bulaliyar 'yan adawa.

Ka kuma yi karatu. A majalisar wakilan Birtaniya bulaliya shiru yake yi, amma a nan bulaliyar gwamnati kan miƙe ya amsa tambaya a madadin ma'aikata, gaban tsofaffin alƙalai da likitoci da hafsoshin soja.